Haƙoran Hajiya Tambaya a Akwatin Wuta

Djougou, 5 ga Oktoba 1987

Zuwa ga Baba Iliassou, unguwar Ganou, Parakou.

Assalamu alaikum. Ku gafarce ni, Baba, da na ɗauki biro na rubuto muku ba tare da wani babba ya sa ni ba. Wataƙila ma ba ku tuna ni. Ni ce Lubabatu, 'yar Sanoussi ƙanen marigayiya matarku, Gwaggo Halimatou, Allah ya jiƙanta. Zuwanku Djougou na ƙarshe, wajen addu'ar arba'in ɗinta, ni ce yarinyar da ta kawo muku buta ta zubar da rabin ruwan a kan takalminku. Yanzu na girma, ina kolej.

Ina fata kuna lafiya, ku da mai ɗakinku Inna Zouéra da yara. Mu nan alhamdu lillahi. Babana ya tafi sayen goro bai dawo ba tukuna. Ruwa ya fara ɗaukewa, a gonar lekol, wato makarantarmu, muna cirar gyaɗa.

Da Faransanci na fara rubuta wasiƙar nan, yadda aka koya mana, sai na ga maganar ta ƙi zama, na yage. Magana ce ta Kaka, Hajiya Tambaya, mahaifiyar Gwaggo Halimatou. Na san kunyar da ke tsakanin suruki da suruka, na san ko sunanku ba ta kamawa. Amma na duba gabas da yamma ban ga wanda zan nufa ba sai ku.

Haƙoran Kaka na sama sun karye. Tana wanke su a bakin rijiya suka suɓuce suka faɗi kan siminti, suka rabe biyu.

Ga siffarsu. Na roba ne, a Makka aka yi mata su shekarar da ta sauke farali. Dasashin ruwan hoda ne, da faranti siriri mai kama ganɗa, kuma a tsakiyar farantin karayar ta bi. A gefen dama akwai haƙorin Makka na zinariya, wanda duk kasuwar goro aka san ta da shi.

Na gwada gyarawa da kaina. Na sayi gam mai bututu biyu a kasuwa, na haɗa da ido, na manne, na shanya a rana wuni guda. Na taɓa na ji ya yi tauri. Da Kaka ta sa sai ta ce yana ɗaci, dasashinta ya yi ja ya kumbura, da ta kurɓi koko mai zafi kuma suka sake rabuwa a bakinta. Ba ta yi mini faɗa ba. Da ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Kun san aikinta. In huhun goro ya sauka, ita ake kai wa ɗaya ta gatsa ta tauna, ta faɗi ko zai yi ajiya ko a rabu da shi da wuri. Yanzu ta shige ɗaki ta rufe baki da mayafi. Ba ta cin komai sai koko, shi ma in ba kowa a wurin. An ce a kai ta Kwatano wajen likitan haƙori, ta ce ba ta hawa mota da baki wofi, kuma haƙoran da ba na Makka ba ba ta so.

Moutari direba, mai zuwa Parakou da kamiyo, wato babbar motar kaya, ya ce kuna da wani akwati mai aiki da lantarki, mikro-ond, da kuke dafa gam a ciki ya yi tauri kamar ƙashi. Ban sani ba ko ƙari ya yi. In gaskiya ne, ko zai yi wa abin Kaka?

A lekol an ce mu riƙa rufe kowace wasiƙa da kirarin juyin juya hali na gwamnati, amma na ga bai dace da wannan ba. Ina durƙusawa ina gaishe ku.

'Yarku,
Lubabatu Sanoussi


Parakou, 11 ga Oktoba 1987

Zuwa ga 'yata Lubabatu.

Wa alaikumus salam. Na tuna ki sarai, takalmin ma yana nan. Muna lafiya, sai ɗan ciwon baya da ke gaishe ni in na daɗe a sunkuye a wurin aikin jirgin ƙasa. Zouéra tana amsawa. Ki gaida babanki in ya sauka, ki gaida mahaifiyarki. Hajiya kuma ki yi mata sannu, ba sai kin ce daga wa ba.

Na karanta wasiƙarki, iyakar abin da ya kamace ni in karanta. Ba ki yi laifi ba da kika rubuto. Amma daga yau, tsakanina da ke, mu kira shi kayan Hajiya, domin alƙalamina ba zai iya rubuta ɗaya sunan ba.

Moutari bai yi ƙarya ba, ko da yake ba halinsa ba ne ya bar magana yadda ya same ta. Wani ɗan kasuwa ne ya kawo akwatin daga Legas a mace, ya bar mini, na tashe shi. Turawa abinci suke ɗumamawa da shi. Zouéra ta ce tuwon da aka ɗumama babu hayaƙi ba ta yarda da shi ba, shi ya sa ya koma ɗakin aikina.

Ga abin da ya faru da naki gyaran. Bututu ɗaya résine ne, wato gam ɗin kansa, ɗaya kuma durcisseur, mai sa shi tauri. Ba bushewa suke yi kamar laka ba, haɗuwa suke yi su zama wani abu na uku. In ɗaya ya fi ɗaya yawa, ragowar ba ta da abokin haɗuwa, sai ta zauna ɗanya a ciki. Ita ce ta yi ɗaci, ita ce ta ƙona. Rana kuma bayan abu take gasawa, ta bar cikinsa. Akwatin nan yana sakin igiyoyi irin na rediyo, gajeru ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani. Suna ratsa gam ɗin su motsa shi, ya yi zafi ciki da waje lokaci guda, ya nuna har zuciya. Na gwada a jikin rediyo, da murfin batir, da kofin tangaran. Sai dai yana son haƙuri: wuta kaɗan, a tsaya, a ƙara, da kofin ruwa a gefe yana shanye rarar zafin. In aka yi gaggawa gam ya yi kumfa, robar ta lanƙwashe.

Abu ɗaya ne akwatin ba ya shiri da shi, ƙarfe. Saboda haka ki duba mini, akwai waya ko ƙugiya a jikin kayan? In babu, ki aiko da Moutari.

Ni ba zan duba su ba, kin san wannan. Zouéra ce za ta zama idona da hannuna, ni in faɗa ta yi. Kuma ki sani wannan gyaran na wucin gadi ne, ba aikin likita ba. In Hajiya ta samu ta ci ta yi ƙarfi, sai a lallashe ta zuwa Kwatano.

Rubutunki yana da kyau. Halimatou ma haka take jan wutsiyar harafi.

Babanki,
Iliassou


Djougou, 15 ga Oktoba 1987

Zuwa ga Baba Iliassou.

Assalamu alaikum. Wasiƙarku ta iso, na karanta ta a bayan ɗakin girki, na sake karantawa a aji a ƙarƙashin tebur. Na gode, Allah ya saka da alheri. Ina fata bayan ya yi sauƙi. Ummata ta ce a shafa man kaɗe da ɗumi. Kowa lafiya a nan, in ban da wadda kuka sani.

Na duba kayan Hajiya a hasken rana. Babu waya, babu ƙugiya. Sauran siffarsu na riga na faɗa a wasiƙar farko, ba zan maimaita ba don kada in ƙara muku nauyi.

Karɓo su ne ya fi ba ni tsoro. A cikin kofi take ajiye su a gefen matashi, ta rufe da faifai. Na shiga na zauna a bakin gado na daɗe ina murza gefen zanena. Ta ce, daga bayan mayafi, “'Yar boko, in magana ce ki haife ta, in kuma gam ne kika sake kawowa ki fita.”

Na ce, “Kaka, in aika da su Parakou a gyara?”

Ta dubi kofin. Can ta ce, “Wa kika sani a Parakou?” Na buɗe baki ke nan ta ɗaga hannu. “Ban tambaye ki ba. Kada ki amsa.” Ta juya fuska bango, ta turo kofin da bayan hannu.

To ga su nan. Na naɗe su da farin ƙyalle, na tusa a tsakiyar ɗan kwandon goro, ganye a sama ganye a ƙasa. Na yi haka ne saboda masu tsaron shingen hanya. In suka ga ƙunshi ɗinkakke sai sun ce a buɗe, kuma na kasa jure tunanin wani ya ɗaga kayan Kaka sama a gaban fasinjoji. Goro kuwa ɗaya za su ɗauka su ce a wuce. Moutari bai san abin da ya ɗauko ba. Goron na Inna Zouéra ne, ku ce mata na gode tun kafin ta fara.

Na tambayi malamin kimiyyarmu game da igiyoyin nan. Ya ce ya karanta labarinsu amma bai taɓa ganin akwatin ba, wai in na je Parakou in zano masa. Ban gaya masa dalilin tambayar ba.

'Yarku,
Lubabatu


Djougou, 29 ga Oktoba 1987

Zuwa ga Baba Iliassou.

Assalamu alaikum. Ina fata lafiya ce ta sa shiru. Ina gaida Inna Zouéra da yara.

Ku yafe mini da na sake rubutowa ban jira amsa ba. Moutari ya je ya dawo, ya sake zuwa ya dawo, hannu wofi. Ya ce ya hango ku a bakin tashar jirgi, ya ɗaga muku hannu, kuka juya kuka shige wurin aiki. Tun da ya faɗi haka nake tunani. Na gane na yi rashin kunya. Kun amsa mini da farko ne saboda kirkinku, da kayan suka iso gidanku kuma abin ya yi muku nauyi. Yarinya ba ta ɗora wa babba irin wannan. Da na yi shawara da Umma tun farko, da ta hana ni.

Babana ya sauka da goro ranar Litinin. Fatake suka taru a zaure yadda suka saba, suna jiran a kai wa Hajiya ta gatsa. Aka shiga mata da shi a faifai. Ta shinshina, ta danna da farce, ta daɗe tana juya shi a tafin hannu, sannan ta mayar. Ta ce, “Ku ce musu hanci da farce ba sa rantsuwa.” Wani tsoho daga cikinsu ya ce tun yana saurayi bai taɓa ɗaure huhu ba sai da bakin Hajiya. Suka watse. Na ji babana yana gaya wa Umma cewa goron ba shi ne damuwarsa ba.

Baba, Kaka ta rame. Awarwaron da ba ya wuce wuyan hannunta yanzu har gwiwar hannu yake zamewa. A zaune take salla. Jiya na dama mata fura na tace, ta kurɓa kaɗan ta ce ta ƙoshi. Da can ko a karye suke tana ɗaga faifan ta dube su. Yanzu kofin wofi ne, kuma ni na mayar da shi haka. Ba ta tambaye ni ba ko sau ɗaya, amma duk lokacin da ta ji ƙarar kamiyo a kan titi sai ta dubi ƙofa, sannan ta dube ni.

Ba na roƙon ku gyara. Ku ba Inna Zouéra ta mayar da su cikin kwandon yadda suka zo, Moutari ya kawo. Ba zan sake damun ku ba.

'Yarku mai neman gafara,
Lubabatu


Parakou, 3 ga Nuwamba 1987

Zuwa ga 'yata Lubabatu.

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Ki share hawayenki, ba fushi nake da ke ba. Moutari ya gan ni da gaske, kuma na guje masa da gaske, amma don ban san abin da zan ba shi ya kawo miki ba ne. Ga yadda aka yi.

Ranar da kwandon ya iso na zauna a ɗakin aiki na fuskanci bango, Zouéra tana bayana a kan tebur. Na ce ta kankare tsohon gam, ta kankare. Ta goge da alkol, sinadarin goge ciwo, ta ɗan kurje bakin karayar, ta matso bututun nan biyu tsawo ɗaya, ta gauraya har launin ya zama ɗaya. Na ce, “Akwai waya?” Ta ce babu. Na ce, “Ƙugiya fa?” Ta ce, “Malam, kifi za mu kama? Babu.” Ta haɗa, ta ɗaure da zare, ta rufe da ƙyallenki, sannan na juyo. Na sa a akwati da kofin ruwa, na kunna a wuta mafi ƙanƙanta.

Ban gama sauke hannu ba na ga wani shuɗin tartsatsi ya tashi a cikin ƙyallen, da ƙara kamar an karya kara. Na fizge waya daga bango. Ɗakin ya cika da ƙauri. Na koma na fuskanci bangona, Zouéra ta buɗe, sai na ji ta ce, “Inna lillahi! Gindin haƙorin Makka ya ƙone.”

Na ce, “Wane haƙorin Makka?”

Ta ce, “Kai yanzu duk zaman da ka yi da 'yarta ba ka san Hajiya na da haƙorin zinariya ba? Ni da na gan ta sau ɗaya a wajen biki na sani.”

Lubabatu, ina zan sani? Na san takalmanta. Na san lallen ƙafarta, na san muryarta daga bayan labule. Ban taɓa ɗaga ido sama da gwiwarta ba. Na ɗauko wasiƙarki ta farko. Wurin da kika ce ga siffarsu, a ranar na ɗora guntun kwali na rufe layukan, na tsallake zuwa ƙasa. Da na ɗaga kwalin, ga shi kin rubuta ɓaro-ɓaro. Ke kin faɗa, ni ne ban karanta ba. Zinariya kuwa a wurin akwatin nan ƙarfe ce kamar kowane ƙarfe.

Sai an cire kwanson zinariyar kafin a sake komai, kuma aiki ne na bakin allura. Na yi ta kwatanta wa Zouéra ina kallon bango, ta ce ita ba za ta ƙarasa abin da wuta ta fara ba. Muka rufe muka ajiye. Kullum in ɗauki biro in ajiye. Me zan ce? Na ƙona wa surukata abin da ta ɗauko daga Makka?

Da wasiƙarki ta ƙarshe ta zo, Zouéra ta sa na karanta mata, ba tsallake. Da na kai wurin awarwaro ta tashi ta ɗauko ƙunshin ta dire a gabana. Ta ce, “Tsohuwa tana can tana ƙarewa, kai kana nan kana gadin kunya. In ta mutu da yunwa, kunyar taka za a yi mata likkafani da ita? Buɗe idonka, Malam.”

Na yi bisimilla na buɗe.

Na jiƙa wurin da ruwan ɗumi na zare kwanson a hankali, bai lotse ba. Na kankare inda ya ƙone, na wanke karayar, na sake haɗa gam. Wannan karon ina kallo ta gilashin ƙofar: wuta kaɗan, in tsaya in taɓa, in bari ya huce, in ƙara. Ya nuna lafiya, ba kumfa, allura ba ta kama shi. Na goge bakin haɗin har harshe ba zai ji tudu ba, na mayar da zinariyar mazauninta. Sun kwana biyu a ruwa mai tsabta ana sauyawa, Zouéra ta ɗanɗana ruwan ƙarshe ta ce ba ɗaci.

Abu ɗaya ya gagare ni. A gindin zinariyar akwai tabo ruwan ƙasa, kamar ƙwayar riɗi. Ya shiga cikin robar, in na bi shi zan huda. Za ta gani.

Ta fara da abu mai laushi. In ta ji zafi ko ɗaci ta cire nan take. Abin da za ki gaya mata kuwa, ban sani ba. Tun addu'ar arba'in ɗin Halimatou ban taka Djougou ba, don na ɗauka ganina zai riƙa tuna mata. Yanzu kuma na ga abin da bai kamata in gani ba. In ta tambaya kada ki yi mata ƙarya.

Babanki,
Iliassou


Djougou, 9 ga Nuwamba 1987

Zuwa ga Baba Iliassou.

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, da Inna Zouéra, wadda ban san da wane baki zan gode mata ba. Mu nan lafiya, kuma yau da na rubuta kalmar ban cire kowa ba.

Ni ma da nawa a ciki. Da kuka ce ƙarfe, na tuna da zinariyar, amma a aji an koya mana cewa ita ba ta tsatsa, ba abin da ke cin ta. Na ce tunda kun karanta ba ku ce komai ba, ke nan ba ta da matsala. Da na tambaya.

Moutari ya iso ranar Laraba da la'asar. Na wanke kayan na sa a kofinsu, na rufe da faifai, na kai mata na ajiye inda suke zama. Na juya zan fita ta ce, “Tsaya nan, 'yar boko. In ɗaci ne ke za ki fara sha.”

Ta ɗaga su wajen hasken taga. Ta bi layin haɗin da farce. Ta kai kan tabon ta tsaya, ta daɗe. Ni kuwa ina tsaye a bakin ƙofa. Sannan ta juya baya ta sa, ta motsa baki, ta ce in miƙo madubi. Baba, ta sauke mayafin.

Na bi umarninku, a ranar, tuwo mai laushi ta ci da miyar kuɓewa, ta ce a ƙara. Washegari ma haka. Ranar Juma'a kuwa ban iya hana ta ba. Ta ce a kira babana ya kawo goron nan da ke jiran hukunci. Na fara cewa Baba Iliassou, na haɗiye sunan, na ce mai gyara ya ce abu mai laushi. Ta ce, “Mai gyara ya san gam, ni na san goro.” Ta ɓare ɗaya, ta kai gefen hagu, ta gatsa. Na rufe ido. Na ji ƙaras, na buɗe, goron ne. Ta tauna a hankali ta ce, “Wannan ya sha ruwa a hanya. Sanoussi, kada ka ajiye shi, ka sake shi kafin wata ya mutu.” Babana ya fita zaure da sauri yana dariya, har ya bar takalmi ɗaya.

Da ɗakin ya rage daga ni sai ita, ta taɓa gefen bakinta na dama ta ce, “An cire wannan an mayar.”

Na ce, “E, Kaka.”

“Ba a yin wannan da ido a rufe.”

Na ce, “A'a, Kaka.” Na gaya mata yadda aka yi, har da abin da Inna Zouéra ta ce, na sunkuyar da kai ina jiran abin da zai biyo.

Ta ce, “Tun ranar da ya fara zuwa gidan nan neman aure, ƙeyarsa kawai na sani da tsakiyar hularsa. Har na taɓa tambayar Halimatou ko yana da hanci.” Ta yi dariya, rabon da in ji dariyarta tun kafin abin da ya faru a bakin rijiya. Sai dariyar ta koma wani abu, ta goge ido da bakin mayafi. Ta ce, “Ita ta tafi, shi ma ya ɗauke ƙafa, kamar biyu na binne.”

Ta sa na jawo kwandon da take ɓoye nata na kanta, ta zaɓi farare manya da hannunta, ta gatsa ɗaya don ta tabbatar, ta ƙunshe sauran a ganye. Su ne Moutari zai ba ku tare da wannan takarda. Ta ce in rubuta saƙonta yadda ta faɗa, kada in gyara shi da boko. Ga shi:

“Ki ce wa mutumin Parakou, wanda ya ga haƙori, fuska ba za ta gagare shi ba. Ya zo ya gaishe ni, ya zo da mai ɗakinsa in ga matar da ta fi shi hankali. Tabon kuma ya bar mini abina, na gan shi, ina so.”

Maganar Kwatano na taɓa mata, ta ce sai kun zo kun faɗa da bakinku, tana kallon ku kuna kallon ta.

Baba, na ce ba zan sake damun ku ba, kuma yanzu ba ni da wani dalili, kayan Hajiya sun koma wurinsu. Amma har yanzu ban gane yadda igiyar da ido ba ya gani take ratsa roba ta bar ta, ta kama zinariya da faɗa ba, kuma malaminmu ma bai sani ba. In ba zai yi muku nauyi ba, ko kun yarda in sake rubuto muku?

'Yarku,
Lubabatu Sanoussi